Ƙaddara da 'Yancin Zaɓi a Tauhidin Kirista

Ƙaddara a tauhidin Kirista ita ce koyarwar cewa Allah ya zaɓi waɗanda zai ceta tun kafin halittar duniya. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da Romawa sura 9 da Afisawa sura 1. Agustin na Hippo (354-430) ya kare ta a jayayyarsa da Pelagius, daga baya John Calvin ya faɗaɗa ta.

Yakubu Arminius, malamin tauhidi ɗan Holan, ya ce Allah yana zaɓar waɗanda ya riga ya san za su ba da gaskiya, kuma mutum yana iya ƙin alherinsa. Taron Dort (1618-1619) ya yi watsi da wannan fahimta.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa'azin bishara: in an riga an zaɓi masu tsira, me zai sa a yi wa'azi? Amsar mabiya Calvin ita ce Allah ya ƙaddara ceto tare da hanyarsa, wato wa'azi, kuma mai wa'azi bai san zaɓaɓɓu ba, don haka kowa yake kira. George Whitefield da John Wesley sun saɓa sosai kan batun, amma dukansu sun yi ta wa'azi a filayen Ingila. William Carey, wanda ya tafi Indiya a 1793, shi ma ra'ayin Calvin yake bi.