Daga Kantu zuwa Isaka Isaka, daga Abdallah zuwa Mdou Moctar: wa ya gaji wa?

A fadar masu shan shayi, ko a Maraɗi ko a Tawa, akwai gardamar da ba ta tsufa: shin ƴan kokowar yau za su iya tsayawa gaban na da? Masu sauraron jita ma suna da irin tasu, tsakanin masu riƙe da tsoffin kaset da matasan da ke jin Bombino a salula. Ga abin da aka sani game da mutanen da ake kwatantawa, da abin da ya canza tsakanin zamaninsu.

Kokowa da takobin ƙasa

An fara gasar kokowar gargajiya ta ƙasa a Tawa cikin shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché. Wanda ya fara ɗaukar takobi shi ne Yakuba Ango, ɗan Maraɗi da kowa ya sani da Kantu. Ya zama sarkin kokowa fiye da sau ɗaya, kuma an yi shekaru da dama babu wanda ya zarce shi. Filin kokowar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi, kamar yadda na Dosso ke ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma sunan Langa-Langa.

Wanda ya zarce shi shi ne Kadri Abdu, wato Isaka Isaka na jihar Dosso, wanda ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen Disamba 2023, bayan ya kayar da Aibo Hasan na Maraɗi a karon ƙarshe. In lissafi kaɗai za a bi, gardama ta ƙare: takubban Isaka sun fi na Kantu yawa. Amma magoya bayan Kantu ba su taɓa cewa lissafi suke bi ba.

Hujjarsu ita ce, ƴan kokowar farko manoma ne. Ƙarfinsu a gona suka samo shi, dabarunsu kuma a dandalin ƙauye bayan an kwashe amfanin gona, inda ba agogo, ba likita, sai kiɗa da kirari. Na yau suna shiga gasa mai tsari: jihohi takwas, kowace da ƴan kokowa goma, ga masu horarwa, ga alƙalai, ga lokacin da aka ƙayyade wa kowane karo. Wannan tsarin ya sa kokowa ta zama sana'a, ya kuma kawo abin da tsofaffi ke ƙorafi a kai, wato jan lokaci da tsoron kai hari. Sai dai akwai abin da masu yabon da suke mantawa. Ɗan kokowar yau, abokan karawarsa suna da bidiyonsa a aljihu, sun san ƙafar da yake sa gaba da hannun da yake kamu da shi. Wanda ya ci gaba da kayar da mutane alhali kowa ya haddace salonsa, ba ƙaramin abu ya yi ba. Kantu kuwa, yawancin masu ambatonsa yau ba su taɓa ganinsa a fili ba, labarinsa suka ji a rediyo ko a bakin iyaye, kuma labari ba ya nuna ranar da gwani ya yi kasala. Haka abin yake a dambe: da ba don waƙar Ɗan Anace ba, da wuya sunan Shago ya kai inda ya kai.

Lambobi biyu, shekara 44 tsakani

A wasannin Olamfik kwatancin ya fi sauƙi. Isaka Dabore ya samo wa Nijar tagulla a damben zamani a birnin Munik na Jamus a 1972, a zuwansa na uku bayan Tokyo da Meziko. Ƙasar ba ta sake hawa dandamalin ba sai a 2016, lokacin da Abdul Razak Isufu Alfaga ya ci azurfa a takwando a Riyo, a ajin masu nauyin sama da kilo 80. Shekara guda bayan nan ya zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu. Dabore ya rasu a 2021.

Jita: daga kaset zuwa salula

A nan labarin ya fi tsawo, domin jitar Sahara ba ta fara a matsayin nishaɗi ba. Ta fito ne daga matasan Abzinawa da fari da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980. Sunan da ake kiransu, ishumar, daga kalmar Faransanci ta marar aiki aka samo shi. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali, ƙarƙashin Ibrahim ag Alhabib, ita ce ta buɗe hanyar. A Nijar kuwa Abdallah ag Umbadugu ne, da ƙungiyarsa Takrist Nakal. Lokacin tawayen da ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, waƙoƙinsa a ɓoye suke yawo, daga kaset zuwa kaset. Ya rasu a Janairu 2020.

Salon waɗannan na farko a natse yake: jita tana tafiya sannu, tafi da amshi suna riƙe da ita, kuma kalmomin waƙar ne kan gaba. Ali Farka Ture na Niafunke a Mali, wanda ya rasu a 2006, hanyarsa daban ce, amma shi ma bai dogara da sauri ba. Faifansa Talking Timbuktu na 1994, tare da Ba'amurke Ry Cooder, ya ci kyautar Grammy, kuma ɗansa Vieux Farka Ture ne ya gaje shi.

Magadan sun ƙara wuta. Umaru Muktar, wato Bombino, an haife shi a 1980 a yankin Agadas. Tawayen 2007 ya kai shi gudun hijira Burkina Faso, ya dawo a 2010, sannan faifansa Nomad na 2013 ya fitar da shi duniya. Da Deran na 2018 ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa a jerin masu neman Grammy.

Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, shi ne ya fi nisanta daga tsohon salo, duk da cewa ganin wasan Abdallah ne ya sa shi ƙera jitarsa ta farko da wayoyin birkin keke. Bahago ne, kuma saurin yatsunsa ya sa jaridun Turai da Amurka ke yawan kwatanta shi da Jimi Hendrix, kwatancin da ya fi amfanar mai karatun can fiye da na nan. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da irin gyaran muryar kwamfuta na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin sun bazu daga salula zuwa salula ta Bluetooth har suka kai kunnen kamfanin Sahel Sounds na Amurka. Daga baya ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, inda yake sukar Faransa da yadda ake kwasar arzikin ƙasa. Masu cewa matasa sun bar saƙo sun kama hayaniya, da alama ba su saurari waɗannan biyun ba.

A fannin iya sarrafa jita, na yau sun wuce na da, kuma kayan aikinsu ma sun fi. Amma Abdallah ya rera nasa a lokacin da riƙe kaset ɗinsa kan iya jawo wa mutum matsala, kuma babu wanda ya shata masa hanya a ƙasar. Akwai kuma sauyin da babu irinsa a zamanin farko: jita ta shiga hannun mata. Fatu Saidi Gali, daga ƙauyen Illighadad na yankin Abalak, ta koya da jitar yayanta, kuma ƙungiyarta Les Filles de Illighadad ta haɗa jitar da kiɗan tande, wanda tun asali na mata ne, ta kai shi dandalin Turai da Amurka.