Laccocin Tunawa da Magabata a Tarukan Masana da Hanyoyin Samun Kuɗinsu

Laccar tunawa, wato jawabin ilimi da ƙungiyar masana ke gayyatar wani fitaccen malami ya gabatar duk shekara da sunan wani magabaci, tana daɗewa ne gwargwadon ƙarfin asusun da ke ɗauke da ita. A Ingila, laccar Baker ta ƙungiyar Royal Society ta fara ne a 1775 da fam 100 da Henry Baker ya bari cikin wasiyyarsa, kuma har yau ana gudanar da ita. An kafa ta ne a kan abin da Hausawa suka sani da wakafi, wato dukiyar da ake tsare asalinta, a riƙa amfani da ribarta.

A Arewacin Nijeriya al'adar ta fi karkata ga shugabanni da malaman tarihi. Gidan Mambayya na Jami'ar Bayero yana tunawa da Malam Aminu Kano, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, kamar yadda almajiran Dakta Yusufu Bala Usman, wanda ya rasu a 2005, suke shirya lacca da sunansa. Sai dai waɗanda suka zauna a kwamitocin shirya tarukan ƙungiyoyin kimiyya sun san cewa kuɗin sufurin mai jawabi da masaukinsa da buga takardarsa sukan fito ne daga kuɗin rajistar mahalarta, ko daga alherin babban baƙo, galibi gwamna ko attajiri, wanda idan ya bar kujera, laccar kan bi bayansa.

Kudancin Kano yana da abubuwan da suka cancanci irin wannan lacca, daga madatsar ruwan Tiga da aka kammala a 1974 a yankin Bebeji, wadda noman rani ya dogara da ita, zuwa dajin Falgore da ya ratsa Tudun Wada da Doguwa, da ma'adinan kuza na Riruwai, da gonakin masara na Ƙiru. Saboda haka ya kamata attajiran yankin da ƙungiyoyin masana su kafa wakafi mai amintattu, a riƙa gabatar da laccar a garuruwan da batunta ya shafa, a kuma buga ta da Hausa domin manomi ya amfana.