Tsohuwar Azara da Yadda Magina ke Gwada Ƙarfinta

Tun zamanin da, ginin soro a ƙasar Hausa bisa azara ya dogara. Ita azara daga gindin giginya a ke tsaga ta, an fi son namijin, domin ya fi tauri, gara kuwa ba ta cika cinsa ba. Ƙarfinta yana cikin ɓangaren nan baƙi na wajen bawo. Tsakiyar gindin ɓargo ce kawai, ba ta ɗaukar nauyi.

Magina sun daɗe da sanin iyakarta. Azara guda ba ta wuce tazarar ƙafa 6 ba tare da madogari ba, in an wuce haka sai ta lanƙwashe a ƙarƙashin nauyin ƙasar rufi. Wannan iyaka ce ta sa a ka ƙago dabarar jera azaru, wata bisa wata, a ɗaure, a lulluɓe su da ƙasa har su zama bakan gizo. Da irin wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da a ka sabunta masallacin cikin shekarun 1970, an bar bakunan a tsaye cikin sabon gini.

Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, saboda haka ba a yar da azara don soro ya rushe. Amma kafin a mayar da ita kan sabon gini sai an gwada ta. Magini ya kan fara duba bakunanta biyu waɗanda su ka shige cikin bango, domin nan danshi ya ke taruwa in indararo ya toshe. Sa'an nan ya ƙwanƙwasa ta ya saurara: mai lafiya amonta tsaf ya ke, ruɓaɓɓiya kuwa sai ta yi kamar ganga. Wadda bakinta ya lalace a kan datse shi, a sa ta inda tazara ba ta da faɗi, kamar bisa ƙofa ko taga.

Kuskure a nan ba ƙarami ba ne, gama rufin ƙasa yana ƙara nauyi in ya sha ruwan damina, a lokacin kuwa mutane na kwance a ƙarƙashinsa. Yanzu da siminti da kwano su ka yawaita, masu wannan sani sun ragu, alhali kuwa gyaran tsofaffin fadoji da masallatai ba ya yiwuwa sai da su.