Jinin da Ya Jira a Kan Tebur: Jinkirin Sarrafa Jini da Sakamakon Gwajin Shan Gulukos ga Masu Juna Biyu

Tsakure

Maƙalar ta dubi abin da ke samun jinin mai juna biyu daga lokacin da aka ɗebe shi zuwa lokacin da aka auna shi. Ta nuna cewa idan jinin farko ya yi awa biyu a ajiye, lambar da ke fitowa takan yi ƙasa da ainihin sukarin matar, har a sallami mai ciwo a ce lafiyarta ƙalau.

Gabatarwa

Daga tsakiyar ciki, sinadaran da mabiyiya ke fitarwa suna rage tasirin insulin a jikin uwa. Idan jikinta ya kasa ƙara yawansa, sukari ya hau, ya tsallaka ga ɗan da ke ciki, yaron ya yi girma fiye da kima. Daga nan ake samun doguwar naƙuda, maƙalewar kafaɗa, tiyata, da faɗuwar sukarin jariri bayan haihuwa. Ana yin gwajin tsakanin mako 24 da 28. Matar za ta kwana ba ta ci komai ba, aƙalla awa 8, a ɗebi jininta kafin ta karya, ta sha giram 75 na gulukos a ruwa, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu.

Bitar Ayyukan Magabata

O'Sullivan da Mahan ne suka kafa ma'aunin farko a Boston a 1964, da giram 100, kuma burinsu gano matar da za ta kamu da ciwon sukari nan gaba. Binciken HAPO na 2008 ya mayar da hankali ga jariri. Ya bi mata fiye da 23,000 a cibiyoyi 15 na ƙasashe 9, babu ko ɗaya a Afirka, ya gano cewa haɗarin yana hawa ne a hankali tare da sukari. Bisa wannan ne kwamitin IADPSG ya tsayar da iyakoki a 2010: milimol 5.1 a lita kafin karyawa, 10.0 bayan awa ɗaya, 8.5 bayan awa biyu, kuma ko ɗaya aka kai ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓe su a 2013. Hukumar NICE ta Ingila ta zaɓi 5.6 kafin karyawa da 7.8 bayan awa biyu a 2015.

Masu adawa da 5.1 suna da hujja mai nauyi. Hillier da abokan aikinta sun nuna a Amurka a 2021 cewa wannan ma'auni ya kama kashi 16.5 na mata, tsarin mataki biyu ya kama kashi 8.5, amma ba a ga bambanci a lafiyar jarirai ba. Inda nake rabuwa da masu ɗauko wannan hujja su kawo mana ita shi ne, sun ɗauka lambar da ɗakin gwaji ya rubuta ita ce ke cikin jijiyar matar. Gardama kan 5.1 da 5.6 kafin a duba yadda ake riƙe jinin tamkar cinikin hatsi ne da mudu mai huji.

Dabarun Bincike

An nazarci ayyukan da aka buga kan sarrafa jini kafin awo, sannan aka yi lissafi da mafi ƙanƙantar raguwar da aka sani, kashi 5 cikin ɗari a kowace awa. Ba a ɗebi jinin kowa ba.

Sakamako

Ƙwayoyin jini ba sa mutuwa don an zuba su a kwalba. Suna ci gaba da cin gulukos, kimanin kashi 5 zuwa 7 a awa, matuƙar ba a raba su da ruwan jinin ba. Yawancin ma'aikata sun sakankance da kwalba mai toka-tokan murfi saboda sinadarin fuloraid da ke ciki. Sai dai fuloraid yana tare aikin ne a wani mataki na can ƙasa, don haka a awa ɗaya ko biyu na farko sukarin yana raguwa kusan kamar ba a sa komai ba. A HAPO kuwa, inda aka samo 5.1 ɗin, ana sanyaya jinin nan take a juya shi a na'ura da wuri don raba ƙwayoyin da ruwan jinin.

A asibiti mai cunkoso, abin da ya fi sauƙi shi ne a ajiye kwalbar farko har a ɗebi ta uku, a kai su ɗakin gwaji gaba ɗaya. Ke nan jinin kafin karyawa ne ya fi daɗewa a ajiye, kuma shi ne ya kama fiye da rabin matan da aka gano a HAPO. A Barbados ma ya haura kashi 70. Lissafin ya nuna haka: matar da sukarinta yake 5.3, bayan awa ɗaya za a karanta 5.04, bayan awa biyu 4.78. Mai 5.6 za ta fito da 5.05. Duk wadda ke tsakanin 5.1 da 5.6, idan sauran awon biyu ba su kai iyaka ba, za a ce mata ta tafi gida, bayan ta kwana da yunwa, ta biya kuɗin mota, ta danne amai ta zauna a benci har hantsi. Wannan ya dame ni fiye da duk wata gardamar lamba, domin an karɓi wahalarta an ba ta amsar da ba tata ba.

Gwaji a asibiti ya tabbatar da lissafin. Daly da abokan aikinta a Dublin, a 2016, sun auna jinin mata 155 ta hanyoyi biyu. Da aka bi yadda aka saba, kashi 14.2 aka gano. Da aka sa ƙanƙara aka hanzarta, adadin ya kai kashi 38.1. A Kanbera ta Ostareliya, Potter da abokan aikinta sun ruwaito a 2020 cewa juya jini da wuri ya ɗaga adadin daga kashi 11.6 zuwa 20.6. Waɗannan garuruwa ne masu sanyi da wutar lantarki tsayayya. Zafi yana hanzarta cin gulukos, kuma a Sakkwato ko Maraɗi ma'auni kan wuce 40 a watan Afrilu.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. A tsoma kwalbar cikin ruwan ƙanƙara a juya jinin kafin minti 30, ko a kai jinin farko ɗakin gwaji shi kaɗai da zarar an ɗebe shi. A kuma rubuta lokacin ɗiba da lokacin juyawa a takardar sakamako, yadda ungozoma da likita a ɗakin awo za su san nauyin lambar da ke gabansu. Akwai kwalabe masu sinadarin sitiret da ke tsayar da cin gulukos nan take, amma sukan ba da lamba sama kaɗan da ta HAPO.

Iyakokin Bincike

Lissafi ne, kuma ya ɗauka raguwar ba ta canzawa, alhali fuloraid kan fara aiki daga baya. Matan Dublin an zaɓo su ne don suna da alamun haɗari, saboda haka alƙalumansu sun fi na gama-gari. Gano ƙarin mata kuma ba ya nufin ƙarin lafiya sai da kulawa a bayansa. Abin da ya rage shi ne a raba jinin mace ɗaya kwalba biyu a wani asibitinmu da bazara, ɗaya a ƙanƙara ɗaya a kan tebur, a auna.