Kasuwar Kurmi, Gidan Kallon da Ba a Biyan Kuɗin Shiga

A ƙasashen Turai akwai wata al'ada, watau a keɓe ɗaki ko gida a tara ayyukan gwanaye a ciki, kamar zane da sassaƙa da saƙa, don jama'a su riƙa zuwa kallo. A Nijeriya ma an yi irin waɗannan gidaje. An buɗe na Jos cikin 1952, na Ikko cikin 1957, a Kano kuma ga Gidan Makama inda aka adana kayan tarihin birnin. Amma tun ba a yi ko ɗaya daga cikinsu ba, ƙasar Hausa tana da wurin da kowa ke zuwa ya ga iyakar gwanintar masu sana'a, babu mai tsaron ƙofa, babu mai karɓar ko anini. Wannan wuri kuwa shi ne rumfunan masu sana'a na Kasuwar Kurmi, a tsakiyar birnin Kano. Labarinsa ya shafi mutanen Yauri da Ngaski da Shanga, gama shekaru aru-aru kayan da aka baje a Kurmi ta ƙasarsu suke bi kafin su ƙetare Kwara.

Asalin Kasuwar

Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Littafin Tarihin Kano ya lasafta ta cikin abubuwa goma sha biyu da Rumfa ya fara, tare da ginin gidan sarauta da ƙarin ganuwa. A gefen Jakara aka kafa ta. Da can wurin kurmi ne mai duhu, mutanen farko suna girmama shi saboda tsafi, shi ya sa sunan ya bi kasuwar har yau.

Rumfa ya tarad da fatauci ya riga ya kankama. A zamanin Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. A zamanin Yakubu kuma Azbinawa suka yawaita kawo gishiri. Abin da Rumfa ya yi shi ne ya ba wannan fatauci mazauni guda, inda Balarabe da Buzu da Babarbare da Banufe za su sauke kaya su ga na juna. To, duk inda baƙi masu kuɗi suka taru, nan gwanaye ke kai aikinsu, kowa yana so a ce nasa ya fi.

Kasuwar ta taɓa kusan mutuwa. Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, ya tsananta karɓar kuɗi a Kurmi, sa'an nan ya aza jizya har a kan malamai. Larabawa suka tashi suka koma Katsina, talakawa da yawa suka watse ƙauyuka. Daga wannan aka gane kasuwa ba ta zama da ƙarfin sarauta kaɗai, sai mai saye da mai sayarwa sun sami kwanciyar rai.

Abin da Baƙi Suka Gani

Cikin 1824 Kyaftin Clapperton, Baturen Ingila, ya sauka Kano. Ya tarad da kasuwar a tsare, kowane irin kaya da layinsa, ga Sarkin Kasuwa yana ba da hayar rumfuna. A nan ya sayi laimar Ingila koriya a kan dala 3 ta Sifen, abin ya ba shi mamaki. Amma abin da ya fi ƙayatar da shi wata doka ce. Kowane ƙunshi na riga ko turkuɗi akan rubuta sunan dillali a sa a ciki. Kadan aka kai kayan Barno, ko wata ƙasa mai nisa, aka kwance aka ga aikin ba shi da kyau, sai a komo da shi, dillali ya nemo mai shi, a tilasta masa ya mayar da kuɗi. Ashe tun a wancan zamani aikin Kurmi yana tafiya da sunan wanda zai amsa idan ya ɓaci.

Cikin 1851 Dokta Barth, Bajamushe, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya zo shi ma. Ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa kowace shekara sun kai na wuri miliyan 300, ya ce ana kai su Gat da Murzuk da Tarabulus da Tambutu. Jar fatar akuya ta ƙasar Hausa kuwa raƙuma ke ƙetare Sahara da ita, har ta isa Turai, can ake kiranta fatar Maroko, don ta tashoshin Arewacin Afirka take fita. Haka sunan majemin Hausa ya ɓace a hanya, wani ya ci yabon.

Wajibi ne kuma a faɗi cewa a cikin wannan kasuwa akwai inda ake sayad da bayi, har zuwa 1903 da Turawa suka ci Kano aka hana. Mai ba da labarin Kurmi ba shi da ikon ya ambaci adonta ya tsallake wannan.

Kewaya Rumfuna

Gani ya kori ji. Wanda ya shiga Kurmi zai tarad da lunguna ƙunci, wani wurin mutum biyu ba su jerawa, rumfuna suna fuskantar juna, kaya a rataye tun daga bakin ƙofa har rufi. Ba wanda zai tambaye shi dalilin zuwansa. Yana iya tsayawa ya duba, ya taɓa, ya tambayi sunan aiki da garin da aka yi shi, ya yi godiya ya wuce.

A wajen dukawa zai ga gafaka ta sa littafi, da zabira, da kube, da layu, da matasan kai, da takalma. Kowannensu ya bi hannu da yawa kafin ya iso nan. Majemi ne ke jiƙa fata da toka har gashi ya zube, sa'an nan ya jeme ta da bagaruwa. Baduku kuma ya rina ta, ja da karan dafi, baƙi da kuloko, rawaya da gangamau, ya yanka ta siri-siri ya yi ado da ita, yana bin zanen da ya gada wurin ubansa.

A wajen 'yan riguna zai ga saƙi da tsamiya da barage. Riga guda ƙyallaye ne sirara masu yawa da masaƙi ya saƙa, maɗinki ya harhaɗa. Sa'an nan wani gwani ya ɗauki alƙalami da tawada ya zana aikin a ƙirjin rigar, aska biyu ko aska takwas, da tambari a gefe da baya. Daga nan mai ɗinkin hannu ya zauna da allura yana bin zanen, wani lokaci wata da watanni. Zaren tsamiya kuwa siliki ne na daji, daga saƙar wata tsutsa da ke zama a kan itatuwa irin su tsamiya. Kusa da nan ga turkuɗi da baƙin rawani na Kura, waɗanda aka tsoma a karofi cikin ruwan baba da toka sau da yawa, mabuga kuma suka buga su da shuni a kan gungume har suka ɗauki ƙyalli. Su ne Buzaye ke nema tun daga Azbin.

Gaba kaɗan ga kayan doki, sirdi da jalala da linzami da likkafa. Ga aikin maƙeran fari, zobba da mundaye na azurfa da tagulla. Ga ƙore masu zane, da faya-fayai, da tasoshin Bida.

Amma inda mai kallo ya fi daɗewa shi ne wajen 'yan littattafai. A nan ake samun Alƙur'ani rubutun hannu, baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, an ƙawata alamun hizbi da rubu'i da sumuni da zane mai launi. A nan kuma ake samun allon zayyana, wanda akan yi wa almajiri ranar saukarsa. Mai zayyana yakan cika allon da da'ira da murabba'i da layuka masu sarƙe juna, ja da rawaya da kore, ya bar fili a tsakiya inda za a yi rubutu. Ba ya zana mutum ko dabba, duk gwanintarsa cikin awo da daidaita launi take. Mai neman zanen Hausawa na asali, wanda bai bi ta makarantar boko ba, a nan zai gan shi jingine da bango.

Wannan kallo yana da amfanin da ya wuce nishaɗi. Yaron da aka aika kasuwa ya tsaya bakin rumfa, idonsa yana koyon bambanta aiki mai kyau da na ha'inci tun bai san sunan ko ɗaya ba. Baduku ya ga abin da maƙwabcinsa ya ƙago, gobe ya yi wanda ya fi shi. Ta haka zane ke gyaruwa, yana yaɗuwa daga gari zuwa gari.

Hanyar Gwanja da Ƙasar Yauri

Fataken Kano, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan ɗaure kaya a Kurmi su nufi Gwanja sayen goro. Sukan ɗauki kanwa da turkuɗi da riguna da jar fata da takalma a kan jakuna, madugu yana shugabanta, jagaba yana gaba. Tafiya da komowa takan ci watanni da yawa, wani lokaci shekara. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyinsu ta ƙasar Yauri ta bi, inda Gungawa masu jirage ke fitar da su Kwara, su shiga Bargu, su wuce har Salaga. Sarakunan Yauri sun sami dukiya daga kuɗin fito da na hanya.

Ayari ba ya wucewa da kaya a ɗaure duka. A kowane zango akan kwance wani abu a sayar don guzuri. Saboda haka Bayauri da Bakambare da Bashange sun ga aikin Kano a ƙofar gidansu, ko ba su taɓa taka birnin ba. Su ma kuwa suna da nasu. Sa'ad da Richard Lander da ƙanensa John suka zauna a Birnin Yauri cikin 1830, suna neman takardun Mungo Park wanda ya halaka a Busa, sun rubuta cewa mutanen garin suna yin sirdi mai kyau, suna saƙa, suna haɗa albarushi, suna noman baba da albasa da shinkafa. Cikin 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya mai da mazaunin sarauta Yelwa, a bakin kogi, kasuwarta ta zama matattarar kayan tudu da na ruwa.

Daga baya hanyar ta mutu. Yaƙin basasa ya ɓata Salaga cikin 1892, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano cikin 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga can a ɗora shi a jirgi. Jakunan fatake suka daina ratsa Yauri.

Abin da Ruwa Ya Ci

Daga 1964 zuwa 1968 aka gina madatsar ruwa ta Kainji. Da tafkin ya cika, sai da aka tayar da mutum wajen 44,000 aka sake musu matsuguni. Tsohuwar Busa ta nutse, tsibirai da ƙauyuka da yawa na ƙasar Yauri suka bi ta. Kafin ruwa ya iso, masu binciken kayan tarihi sun yi tono a tuddai na bakin kogi, kusa da Yelwa suka sami mutum-mutumi na yumɓu waɗanda suka haura shekara 1,000. Wannan ya nuna ƙasar tana da gwanayen hannu tun kafin a kafa Kurmi. Mutane sun kwashe abin da ke ɗaukuwa, gidajen ƙasa da rumbuna kuwa suna ƙarƙashin ruwa.

Sana'a ma tana nutsewa, ko da yake nata nutson a hankali yake zuwa, ba a jin ƙararsa. Roba da kwano sun ture ƙwarya. Yadin kanti ya ture saƙi, keken ɗinki yana gama aikin wata uku cikin yini guda. Manyan 'yan kasuwa sun koma Kantin Kwari da Sabon Gari. A Ƙofar Mata ramukan rini da yawa sun zauna ba mai tsoma hannu. Kurmi tana nan tana ci, rumfunan sana'a suna nan, kallo kuma har yanzu kyauta ne. Sai dai mai sana'a ba ya cin kallo. Abin da ya riƙe wannan gidan kallo shekara fiye da 500 shi ne kuɗin mai saye, ran da ya yanke, ɗan baduku zai nemi wata hanya, zanen da aka gada kuma ya bi tsoho kabari.

Don haka akwai abu biyu da suka kamata. Na farko, wanda Allah ya hore wa, idan ya gama kallo ya sayi ko da kube guda, ya kuma tambayi sunan wanda ya yi. Na biyu ya rataya ga masu iko da ƙasa. Yauri tana da bikin Rigata, inda ake ganin jirage da gwanintar masu ruwa, amma biki na 'yan kwanaki ne, kasuwa kuwa kullum tana nan. Da za a keɓe rumfa guda a kasuwar Yelwa, a ajiye taru da birgi da gura da mamari na masunta, da tabarmi da tukwane da ƙore na Gungawa da Kambari da Shangawa, a zaɓi mafi kyau, a rubuta sunan mai aikin da garinsa a jikin kowanne, kamar yadda dillalan Kurmi ke sa suna cikin ƙunshi, da yaran makaranta sun ga abin da iyayensu suka iya, baƙo kuma ya san inda zai je ya saya. Abin da ake bukata ɗaki ne guda da mai tsaro amintacce, ƙofa kuma a bar ta buɗe ga kowa.

Allah ya albarkaci masu sana'a, ya ba su magada, ya kiyaye kasuwanninmu daga gobara da zalunci, amin.