Cunkoso da Girman Tsila: Tarihin Wani Bincike

Gabatarwa

Unguwar Nassarawa ta Kano, inda muka taru, tsoron cunkoso ne ya tsara ta. Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, sun keɓe wa kansu mazauni nesa da jama'a, har dokar garuruwa ta 1917 ta tanadi a bar fili na yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa, don gudun cuta. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi tarihin wani cunkoson dabam, wato wanda ke faruwa a cikin hanji, tsakanin tsila da 'yar uwarta.

Matakan Binciken

Tsilar da muka fi sani ita ce ta naman shanu, wadda Rudolf Leuckart ya nuna a 1861 cewa 'ya'yanta a tsokar saniya suke zama. Takan kai mita 5 ko fiye, kuma galibi ita kaɗai ake samu a cikin mutum. To, me kan faru idan sun yi yawa?

A 1939 Asa Chandler ya gwada wannan a Amurka, da tsilar ɓera mai suna Hymenolepis diminuta. Ya tarar da cewa gwargwadon yawansu a hanji, gwargwadon ƙanƙantar kowace. A 1951 Clark Read ya tabbatar da haka, ya kuma zaci ƙarancin iskar shaƙa ne dalili. Daga baya ra'ayi ya koma kan abinci: tsila ba ta da baki, ba ta da ciki, ta fatarta take tsotsar sukari, saboda haka idan hannu ya yi yawa a akushi, rabon kowa sai ya ragu. Larry Roberts, a 1961, ya nuna cewa wadda ta tashi cikin cunkoso gaɓoɓinta ba su da yawa, ƙwanta ma kaɗan ne.

Amma maganar ba ta tsaya nan ba. A shekarun 1980 Roberts da abokan aikinsa sun gano cewa tsilolin kan fitar da wasu sinadarai masu rage saurin rabuwar ƙwayoyin jikin 'yan uwansu. Ke nan ba yunwa kaɗai ke tauye su ba, su ma suna danne juna.

Darasi Gare Mu

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Akwai ƙaramar tsila, Hymenolepis nana, wadda ba ta wuce santimita 4, ta fi kama yara, tana kuma iya hayayyafa a cikin hanji guda har ta kai ɗaruruwa. Tunda cunkoso na rage ƙwan kowace, yawan ƙwan da aka ƙirga a bayan-gida ba lalle ya nuna ainihin yawan tsutsotsin ba. Mai binciken da ya manta da wannan zai iya raina cutar da yaro ke ɗauke da ita.

Kammalawa

Muna ganin cewa tazarar yadi 440 ba ta tare tsila, domin ta nama da hannu take shigowa. Maganinta duba nama a mahauta, gasa tsire har ya nuna, da tsabtace makewayi.