Zafi da elektron a cikin kuprat

Kuprat wasu sinadarai ne masu kama da tangaran, waɗanda a cikinsu ƙwayoyin tagulla da na oksijin ke jere shimfiɗa bisa shimfiɗa. Idan aka sanyaya su sosai, lantarki na ratsa su ba tare da wata turjiya ba. Abu mai wannan hali shi ne supakondakta, wanda a Faransanci ake kira supraconducteur. Georg Bednorz da Alex Müller ne suka gano na farko a cikinsu a 1986, a ɗakin binciken IBM da ke kusa da Zurich, suka kuma samu kyautar Nobel a 1987. A wannan shekarar aka samo YBCO, wanda turjiyarsa ke ɓacewa a wajen digiri 180 ƙasa da sifili. Ruwan naitirojin mai araha ya isa ya kai shi wannan sanyi.

A ƙarfe na yau da kullum, elektron ɗin da ke ɗaukar lantarki su ne ke ɗaukar zafi, shi ya sa cokalin ƙarfe ke ƙona hannu in an bar shi a shayi. Dokar Wiedemann da Franz ta 1853 ce ta auna wannan dangantaka. Amma a supakondakta elektron kan haɗu biyu-biyu, kuma waɗanda suka haɗu suna kai lantarki amma ba sa kai zafi. Don haka ta hanyar auna zafi ake gane halin elektron ɗin da suka rage ba abokin haɗi, abin da awon lantarki ba ya iya nunawa tun da turjiya ta zama sifili.

A nan ne kuprat suka ba da mamaki. A tsofaffin supakondakta irin su dalma mai tsabta, wucewar zafi ta elektron kan ragu da zarar an shiga wannan hali. A YBCO kuwa ƙaruwa take yi da farko, domin sauran elektron ɗin sun rage karo da juna. A 1997 rukunin Louis Taillefer a Kanada ya nuna cewa ko daf da iyakar sanyi, digiri 273 ƙasa da sifili, wasu elektron na ci gaba da kai zafi. Wannan ya ƙarfafa hujjar cewa haɗuwar tasu ba ta da ƙarfi ɗaya ta kowace fuska, har akwai fuskokin da ƙarfin ke zama sifili.

Abin da ke ɗaure elektron biyu-biyu a kuprat har yau masana ba su daidaita a kansa ba, ga shi kuwa amsar ce za ta nuna ko za a iya ƙera wayar da ba ta asarar wuta a sanyin da bai kai haka ba.